Sandar Inna Mai Wanke-wanke

A wani gidan abinci akwai wani kuku da ake kira Oga, don ba ya son a gyara masa. Hannunsa kam da daɗi, sai dai ji da kai ya yi masa yawa.

A kicin ɗin akwai Inna mai wanke-wanke. A ƙarƙashin wurin wankinta akwai akwatin ƙarfe da ke tare maiƙo, don kada ya toshe bututu. Duk Litinin takan ɗaga murfin, ta zura wata sanda mai alama har ƙasa. In maiƙo ya kai alamar, ta kwashe.

Oga kullum sai ya tsokane ta. "Likitar kwata! Yau me sandar ta ce?"

"Ta ce da saura, ɗan nan."

Da 'yarta ta haihu, Inna ta ɗauki hutun wata guda, ta damƙa masa sandar. Shi kuwa gogan naka ya tokare taga da ita. Kullum sai ya sheƙa tafasasshen ruwa, ya leƙa ya ga maiƙo ya narke, ya ce shi ke nan.

Ashe maiƙon gaba yake yi, ya je cikin bututu ya daskare.

Ranar da jami'ar duba-gari ta zo, ranar ruwa ya dawo ya malale kicin, ga wari ba a magana. Ta ce, "Kwana biyu na ba ku. In na dawo na tarar da haka, zan rufe wurin."

Nan take Oga ya bar kicin. Da ƙafarsa ya je gidan Inna, ya same ta da jika a cinya.

"Inna, na yi ɓarna."

"Ruwan zafi ka zuba, ko? Ina sandata?"

Ya sunkuyar da kai. "Tana riƙe da taga."

Ta yi dariya har jaririn ya farka. Ta ɗauki mayafinta, ta bi shi. Mai gyaran famfo ya buɗe bututu, Oga ya durƙusa ya kwashe akwatin tas, Inna na tsaye a kansa. Jami'ar ta dawo, ta sa hannu.

Yanzu duk Litinin shi ke zura sandar, ya ɗago ya ce, "Inna, da saura."

Ita kuma ta ce, "Madalla, likita."

Darasi: Kada ka raina aikin wanda ya daɗe yana yi don kawai ba ka ga amfaninsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tokare taga da shawarar manya.