Gangar da Aka Kankare

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, mai kula da sito a wata masana'antar maganin ƙwari. Idan guba ta ƙare a ganga, aikinsa ne ya huda ta a kai inda ake binnewa. Amanarsa ke nan.

Sai ya ga gangunan roba ne shuɗɗa masu kyau, huda su asara ce. Ya riƙa sa wuƙa yana kankare takardar jikinsu mai ɗauke da hoton ƙoƙon kai da sunan gubar, ya ɗauraye, ya fitar ta ƙofar baya zuwa kasuwa. In zuciyarsa ta yi masa magana sai ya ce, "Ai ruwa na wanke komai."

Ni dai na rasa gane wannan tunani. Mutumin da ba ya taɓa ganga sai da safar hannu, yaya ya yarda wani ya sha ruwa a cikinta?

Ana nan sai mahaifiyarsa ta kwanta. Amai, jiri, hannu na rawa. Ya ce zazzaɓi ne. Ƙanwarsa mai jinyarta ita ma ta fara. Ya ce sammu ne, ya daina gaisawa da maƙwabta. Ya zargi rijiya, ya zargi mai kayan miya, bai bar kowa ba sai kansa.

A asibiti likita ya ce, "Guba ce. A me take ajiye ruwan sha?"

Ya je gidan tsohuwa ya leƙa bayan ƙofar kicin. Ga shuɗiyar ganga cike da ruwa, wadda ƙanwarsa ta sayo lokacin da randarsu ta fashe. Ga sawun wuƙarsa a jiki.

Ya koma da gudu. Likita ya ce, "Kowace guba da makarinta. Wane suna ke jikin gangar?"

Ya tambayi kansa, gubar feshin gona ce, ko ta ɓera? Ya ambaci suna, ya janye, ya ambaci wani. Kafin a gama gwaji tsohuwa ta cika.

Yau yana bin gidaje yana roƙon a zubar da ruwan duk gangar da ya gani, ana yi masa kallon mahaukaci. Bai san inda sauran gangunan suka tafi ba.

Ya 'yan uwa, cin amana ne ya kai shi nan. Abin da ka fitar ta ƙofar baya, ka san ta wace ƙofa zai dawo?

Allah ya kiyaye mu, ya tsare iyayenmu daga aikin hannunmu. Amin.