Akuya Mai Duba Man Shanu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A wani gari an yi wata mai sayar da man shanu, sunanta Tabawa. Ita ba ta da saniya, sari take yi. Sai ta dafa dankali ta kirɓa shi lukui, ta cuɗa da man, curi ɗaya ya zama uku. Matan gari suka yi ta zuba shi a tuwo, ya ƙi narkewa. Suka kai kuka wurin Sarkin Kasuwa.

Sarkin Kasuwa ya sa doka. Duk wadda aka kama da algus, a fasa ƙwaryarta, ta bar kasuwa har abada. Ya naɗa Kyanwa mai duba.

Tabawa ta ajiye curi mai kyau a gefe. Kyanwa ta zo, ta miƙa mata. Kyanwa ta lashe tas, ta ce ba ta ga laifi ba, amma za ta dawo gobe ta ƙara tabbatarwa. Ta yi ta tabbatarwa har ta kasa hawa katanga.

Aka tuɓe ta, aka naɗa Kare. Shi ma haka, har da gaisuwar safe.

Sai Sarkin Kasuwa ya naɗa Akuya. Mutane suka ce, ranka ya daɗe, ai akuya ba ta cin mai. Ya ce ya sani.

Akuya ta bi layi tana sunsuna ƙore tana wucewa. Tabawa ta miƙa mata curi mai kyau, Akuya ta kau da kai. Sai ta tusa baki cikin babbar ƙwaryar, ta ci, ta ci, ta ɗago.

Ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Man nan ya dahu. A wace fadama aka haƙo shi?"

Tabawa ta ce saniyar ce mai yawan cin dankali.

Sarkin Kasuwa ya ce, "To, a kawo saniyar ta yi shaida."

Tabawa ta dubi gabas, ta dubi yamma. Aka fasa ƙwaryar, ta ɗauki gammonta ta fita ta ƙofar masu itace.

Shi ya sa ba a ba mai kwaɗayin abu gadinsa.

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don ƙarya na shara muku ba, da kowa ya tafi da curinsa.