Igiyar Umm Ra'fat

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu ta Shubra, nan Alƙahira, ana kiranta Umm Ra'fat. Na santa, ba a bakin wani na ji ba.

Tun tana amarya, kullum da safe take zuro kwando da igiya daga benensu. Shahata mai tura keken abinci ya sa mata burodi da dafaffen wake, ta janye. Kafin kwandon ya hau, ta ji a bakinsa wadda ta haihu, ta ji wanda ya mutu.

Da ƙafafunta suka gaza, ɗanta Ra'fat ya kai ta gidan kula da tsofaffi a ƙarshen layin. Gado fes, ga nama, ga likita. Kwandon kaɗai ta ɗauko.

Washegari ta zuro shi ta taga. Shahata ya ɗaga kai yana dariya.

"Hajiya, an kai ki gidan hutu, har yanzu wakena kike bi?"

"Rufe min baki, macuci. Zaɓo mai zafi."

Ra'fat ya zo ziyara, ya tarar da igiya na lilo. Ransa ya ɓaci.

"Umma, so kike a ce na bar ki da yunwa, kina bara ta taga?"

"Ba burodi nake janyowa ba, ɗan nan, unguwa nake janyowa. Bar min igiyata."

Ya karɓi almakashi a hannun ma'aikaciyar jinya, ya datse ta. Kwandon ya faɗa titi.

Ba ta yi kuka ba. Ta juya kujerarta ta fuskanci bango. Abinci ya zo, ya koma yadda ya zo. Azumin shekarar bai same ta a duniya ba.

Shekaru suka ja. Ra'fat ya tsufa, 'ya'yansa suka ajiye shi a gidan, suka tafi Kuwait. Ɗakin uwarsa aka ba shi. Na je duba ƙanwata da ke gidan, na gan shi da idona.

Guntun igiyar na nan a ƙarfen tagar, ya yi baƙi, ƙullin ya ƙi kwancewa. Kullum da hantsi yakan kama shi da hannu biyu, yana ja, yana ja.

Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Alhaji, babu komai fa a jiki."

Bai waigo ba. Ya ce, "To me ya sa take da nauyi haka?"

Darasi: Tsoho ba akuya ba ne, da za a cika masa ciki a ce an gama. Ɗan abin da ya saba da mutanen da ya sani, su ke riƙe da ransa, kada ka yanke don gudun bakin mutane. Ku tura wa duk mai sauran uwa ko uba, tun suna numfashi.