Amfilifayar Sarkin Sauti

Akwai wani mai aikin injin yanka katako da abokansa suka laƙaba wa suna Sarkin Sauti. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a gaban zarto mai ƙara, kuma bai taɓa yarda ya sa abin toshe kunne da ake raba wa ma'aikata ba. In an yi masa magana sai ya yi dariya ya ce, "Nawa kunnen na ƙarfe ne."

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya haɗa kayan sauti a falonsa, kowanne daban. Ba ya son irin wanda ake sayarwa a haɗe cikin akwati guda, yana cewa wannan na yara ne. Ya fara sayen sifikoki biyu masu jikin katako, dogaye har ƙugunsa. Bayan shekara ya ƙara da na'urar faifai. Saura amfilifaya, wadda ita ce ke ba sifika ƙarfin yin magana.

A nan ne gizo ke saƙa. Shekara uku yana yawo shago shago. Duk wadda aka kunna masa sai ya karkata kai, ya yamutsa fuska, ya ce muryarta a dushe take, kamar an lulluɓe mawaƙin da bargo. Masu shaguna har sun gane shi, in sun hango shi sai su ce ga mai gwaji ba saye nan tafe.

A gida ma bai bar kowa ya huta ba. Ƙaramar rediyon matarsa ya kyautar da ita, wai tana ɓata kunne. Ita kuma kullum sai ta share ƙurar sifikokin da ba su taɓa cewa uffan ba.

"Maigida, ko ƙarama ce ka saya mana mu ji ɗan motsi a gidan nan," ta ce wata rana.

"Me kika ce? Buɗe baki ki yi magana! Wannan ƙunƙunin da kika koya kwanan nan raini ne."

Ba ƙunƙuni take yi ba. Amma tun da ya fara zarginta da hakan, sai ta rage magana, har ya zama suna cin abinci shiru kamar baƙi.

Wata ranar hutu ya shiga shagon wani tsoho mai gyaran rediyo da kowa ke kira Baba. Baba ya tambayi irin sifikokinsa da girman falon, sannan ya sauko da wata tsohuwar amfilifaya mai fuskar azurfa.

"Wannan ta ishe ka, ɗana. Ƙarfinta daidai da sifikokinka, falonka kuma ba filin ƙwallo ba ne."

Ya kunna. Wata mata da ta kawo gyaran fanka ta lumshe ido don daɗi. Sarkin Sauti ya ce, "Ita ma a dushe take. Ina siririyar muryar?"

Baba ya dube shi da kyau. "Tana nan, ga ta tar. Ka ce duk wadda ka ji haka take? To kafin ka sayi wani abu, ka je a duba maka kunne."

Ran mutumin ya ɓaci. "Ni za ka koya wa ji? Tsufa ya sa kana son ka liƙa mini kwantai." Ya fice bai ko yi sallama ba.

A ranar ya sayi amfilifaya mafi girma a kasuwar, irin ta ɗakin taro, wadda sai mutum biyu suka ɗauka. Da la'asar ya jona wayoyi, ya sa faifan da ya fi so, ya zauna a tsakiyar kujera. Muryar ta fito masa a dushe. Ya ƙara sautin. Har yanzu a dushe. Ya murɗa har ƙarshe.

Gilasan taga suka ɗauki rawa. Matarsa ta fito daga kicin da hannu biyu a kunne, tana ihun ya rage, sifikokin suna kuka. Yana ganin bakinta yana motsi, ya ɗaga mata hannu alamar ta ba shi wuri. Sai da ƙaurin ƙonewa ya cika falon sannan ya kashe.

Washegari ya kai sifikokin wurin Baba, don babu wani mai iya buɗe irinsu. Baba ya duba ya girgiza kai. "Sun ƙone ƙurmus, kuma an daina yin kayansu." Bai tuna masa maganar jiya ba. Ya kunna wata 'yar na'ura a kan teburinsa, ya ce, "In ka ji ƙara, ɗaga hannu."

Sarkin Sauti ya zauna yana jira. Mai shagon da ke maƙwabtaka ya leƙo ya ce, "Baba, don Allah kashe wannan fiton, yana shiga mini ƙwaƙwalwa." Sarkin Sauti kuwa hannunsa na kan gwiwa. Bai ji komai ba.

A asibiti likita ta rubuta masa bayani a takarda, don ya kasa bin maganarta. Ƙarar inji ta kashe jijiyoyin ji, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Da ya zo tun da ya fara jin abubuwa a dushe, da an tsare ragowar. Aka ba shi na'urar sawa a kunne. Tana ɗan kamo masa magana in an ɗaga murya, amma waƙa sai ta zo masa kamar ana jan gwangwani a kan siminti. Aikin injin ma dole ya bar shi.

Ya daina zuwa majalisar abokai, saboda in an yi dariya bai san me aka faɗa ba. Yini yake yi a falo, ido a bango.

Wata safiya matarsa ta kawo masa ruwa. Ya riƙe hannunta ya ce, "Shekara uku ina cewa kina ƙunƙuni. Ashe ni ne. Ki yafe mini."

Idonta ya ciko. Ta yi magana a hankali, irin muryar da take masa tun suna sabon aure. Bai ji ba. Ya ce ta sake. Ta sake, ya zuba wa leɓɓanta ido, bai kama ko kalma ɗaya ba. Kunya ta hana shi tambaya karo na uku. Sai ya gyaɗa kai kamar ya ji. Har yau bai san abin da ta ce masa ba.

Darasi: In duk inda ka je kana ganin laifin kowa da komai, tsaya ka binciki kanka tun da sauran lokaci, kuma kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya faɗa maka gaskiya. Ku tura wa wani, musamman masu aiki cikin ƙarar inji, ko Allah zai sa ya tsare kunnensa tun yau.