Kwana Bakwai a Gandun Sarki

A zamanin da, a wata ƙasa mai jigawa, an yi wani sarki wai shi Jatau. Ba azzalumi ba ne, sai dai irin mutanen nan ne da ba a gaya musu abu, sai sun gani da idonsu. Shekara uku a jere gandunsa na cika rumbuna, gonakin talakawa kuwa sai kara, ba zangarniya. Sarki ya ce lalaci ne. Ya tara fada ya yanke hukunci: in bana ma aka kwata haka, za a warware rawanin Sarkin Noma Nomau, a kore shi daga ƙasar.

Waziri Cindo ya koma gida jiki a sanyaye. Shi da Nomau tare suka tashi, tare suka yi furfura. Ina tsoho ɗan shekara saba'in zai dosa?

Da la'asar Nomau ya same shi a zaure, ya zauna da ƙyar yana dafa gwiwa.

Ya ce, "Allah ya ba Waziri nasara, kai ma ka san ba lalaci ba ne. Muna yara damina wata biyar take yi, yanzu ukun ma sai da addu'a. Ruwan shuka na sauka sai a buga ganga, kowa ya tafi gayyar gandu kwana bakwai. A da in ka dawo laima na jiranka. Yanzu fa? Ƙasa ta bushe, sai a jira wani ruwan, gero bai gama ido ba damina ta ɗauke."

"To, ka faɗa a fada mana."

"Ni? In ce wa sarki gonarsa ce ke cinye ta mutane? Haba, Waziri!"

Cindo ya yi ajiyar zuciya. Ya gaji, wallahi. Ya gaji da sama mai haɗa hadari ta watse, ya gaji da fadawan da ko sarki ya yi tari sai su ce gaskiya ne. Amma ya ce wa abokinsa ya je ya huta, ya bar masa sauran.

Ruwan shuka ya sauka, aka buga ganga, aka yi kwana bakwai a gandu. Rana ta takwas Waziri ya faɗi gaban sarki ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, kai ke jefa irin farko a gandu, albarkar hannunka kuwa kowa ya shaida. Da za ka jefa wa bawanka Nomau nasa yau, in gonar ta sake ƙi, ba shi da bakin magana."

Maganar ta yi wa sarki daɗi, nan take aka ɗunguma zuwa gonar Nomau. Ya karɓi sungumi ya sara, ƙasa ta watse fari fat kamar toka. Ya matsa gaba ya sake sarawa. Ya tsuguna ya tona da hannu har wuyan hannu, ko alamar sanyi babu.

Ya daka tsawa, "Kai, Nomau! Yau kwana takwas da ruwa, ina ka shiga har ƙasa ta bushe?"

Nomau ya sunkuyar da kai, sai da Waziri ya ce masa ya ba da amsa.

"Ranka ya daɗe, ina gandu."

Sarki ya nuna gonakin da ke kewaye, fetal, ba wadda aka taɓa. "Masu waɗannan fa?"

"Duk muna gandu."

Sarki ya daɗe a tsugune, iri a tafin hannunsa. Can ya ɗago ya dubi Waziri. "Cindo, da gangan ka kawo ni nan."

"Da gangan, ranka ya daɗe. Na tsufa, dabarar da ta rage mini ke nan."

A nan tsakar gona sarki ya sake hukunci. Ya ce daga yau ruwa na sauka kowa ya nufi gonarsa, gandu ne na ƙarshe. A buɗe rumbunansa a ciyar da mutane har kaka. Rawanin Nomau kuma yana nan a kansa, ba mai taɓa shi.

A hanyar komawa tsofaffin biyu suka tsaya gindin wata tsamiya don su huta. Waziri ya ce, "To, Sarkin Noma, ka tsira. Ka saki ranka mana."

Nomau ya dubi hanyar kudu, idonsa ya cika da ƙwalla. "Na gode Allah, Waziri. Sai dai da bara ka yi wannan dabarar, da 'ya'yana uku ba su kwashe jikokina sun bi hanyar nan ba. Ni ba a kore ni ba, amma gidana ni kaɗai ne a ciki."

Iyakar abin da ya zo mana na labarinsu ke nan.