Wayar Baffa Ɗalha da Kukan Maraƙin Wule

Akwai wani mai gyaran waya a kasuwar Gwandu mai suna Lawali, amma ya fi son a kira shi Injiniya Nan-take. Har da jan fenti ya sa aka rubuta hakan a saman rumfarsa.

Hannunsa na da kyau, wannan babu musu. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya saurare. Ka fara yi masa bayanin abin da ke damun wayarka, kafin ka kai tsakiya ya miƙo hannu ya ce, "Na gane, kawo."

Ko Surayya, yarinyar da yake nema da aure, ba ta tsira ba. Tana karatun aikin jinya, kuma tana son aika saƙon murya mai tsawo. Lawali ba ya buɗewa. Sai ya tura mata hoton babban yatsa, ya rubuta "Madalla". Ranar da ta aiko tana faɗa masa kakarta ta zame a bakin rijiya, "Madalla" ɗin nan ta samu. Ya daɗe yana ba da haƙuri, amma halin bai canza ba.

A kwamfutarsa akwai wani fayil da yake ji da shi, ya raɗa masa suna Gama-gari. Da shi yake yi wa wayoyi filashin, wato a cire babbar manhajar da ke tafiyar da waya a zuba mata wata. Akwai wata ƙirar waya da ta cika garin, kuma duk wadda ya zuba wa Gama-gari sai ta tashi garau. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa in dai fuskar waya irin wannan ce, maganinta na hannunsa.

Da can rumfa ɗaya suke da wani abokinsa Markus, mutumin Zuru, kafin Markus ɗin ya koma Kalgo da aiki. Shi Markus ba ya zuba wa waya komai sai ya kwance ta, ya duba 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikinta, ya karanta lambar da ke jiki, sannan ya nemo manhajar da aka yi domin ita. Sau da yawa sai ya ce wa mai waya ya dawo gobe. Lawali kuwa ya laƙaba masa Markus Sai-gobe, har sunan ya bi shi Kalgo.

Wata Juma'a Lawali ya ci ado, ya hau babur, ya nufi rugar su Surayya da ke bayan Maruda domin gaida iyayenta. An riga an yi magana cewa manyansa za su zo neman aure nan ba da jimawa ba.

Ya tarar da mahaifinta, Baffa Ɗalha, a gindin kirya yana fama da waya. Ya danna, ta yi shiru, sai ya manta da ita sannan ta amsa.

"Baffa, wagga waya ai wahala take ba ka. Kawo in kai rumfa, gobe ka ga aiki."

"A'a ɗana, bar ta da nawarta. Akwai abin Wule a ciki."

Wule saniya ce, kuma ita ta fi kowace nono a garken. Maraƙinta ya mutu da damina, tun daga ranar ta riƙe nononta, ko ɗigo. A da akan cusa ciyawa a fatar maraƙin a ajiye gaban uwar ta riƙa lasa, amma wannan cuta ce ta kashe shi, da fatarsa aka binne. Sai aka yi dace, Surayya ta taɓa ɗaukar kukansa a wayar Baffa don yana ba ta dariya. Aka gwada kunnawa kusa da kunnen Wule, ta waiga, ta yi nishi, ta sako nono. Shi ke nan kullum da safe sai an kunna kafin Inna Halima Sadiya, mahaifiyar Surayya, ta tsuguna da ƙwarya.

Baffa Ɗalha ya fara wannan bayanin ke nan, Lawali ya miƙo hannu.

"Na gane, Baffa. Kawo."

Da ya koma rumfa ya haɗa wayar da kwamfuta, ya ɗauko Gama-gari. Kwamfuta ta fito da jan rubutu, tana cewa wannan fayil bai dace da abin da ke cikin wayar ba.

"Ke ma tsoro gare ki, kamar Markus," in ji Lawali.

Ya bi ta wata hanya ya tsallake gargaɗin. Don aikin ya fita tas, har ya zaɓi wurin da ke goge komai. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara tafiya, ya kai wani wuri ya tsaya cak.

Ya danna maɓallin kunnawa, shiru. Ya sa caji, ko 'yar fitilar ba ta kawo ba. Ya canza batir, ya hura mata iska, ya ɗora ta a rana, har ya ɗan bubbuga ta a cinyarsa. Waya dai ta zama kamar guntun faranti.

Washegari ya koma ruga yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Baffa, an gama aiki. Sai dai sabuwar manhaja tana son waya ta ɗan huta, ta zauna mata a jiki."

Baffa Ɗalha ya dube shi, ya dubi wayar.

"To, ta huta. Amma Wule ba ta san hutu ba. Kai ka ɗauke mata ɗa, kai za ka maye gurbinsa. Gobe da sassafe ka zo ka yi mata kukan da bakinka. Maganar zuwan manyanka kuma a dakata, sai na ga nonon Wule cikin ƙwarya."

Lawali ya waiga wajen Surayya ko za ta sa baki, ya ga ta duƙufa kan wanke ƙwarya kamar ba ta ji ba.

Da gari ya waye sai ga Injiniya Nan-take tsugune a bakin dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa, yana tsakanin 'yan maruƙa biyu masu lasar masa hula. Ya gyara murya, ya ja numfashi.

"Mbeee!"

"Wanga na akuya ne," in ji Baffa Ɗalha. "Ƙara kauri."

"Mbuuu!"

"Yanzu kuma ka zama bajimi. Za ka tsorata ta."

Inna Halima Sadiya ta ce daga inda take tsugune, "Nashi yana da 'yar dishewa a ƙarshe, ɗana. Kamar mai shirin tari."

Lawali ya sa dishewa. Wule ta juyo a hankali, ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, sannan ta ɗaga ƙafa ta yi fatali da ƙwaryar. Saura kaɗan ta haɗa da gwiwarsa.

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Maƙwabta suka fara zuwa da tabarminsu. Wani tsoho daga rugar gaba ya ce shi a ganinsa yaron yana samun ci gaba, jiya ya fi shekaranjiya. Da rana ta ɗaga sai Baffa ya ce, "Yau ma ba ta karɓa ba, tahi sai gobe." Lawali ya hau babur ya koma Gwandu da maƙogwaro kamar an goge shi da yashi.

Labari bai tsaya a ruga ba. Mai shayin kusa da rumfarsa ya daina tambayarsa ko a sa madara, sai dai ya ce, "Injiniya, yau an samu ko a sa ta gwangwani?"

Ranar da muryarsa ta ƙi fita gaba ɗaya, ya zauna ya dubi wayar Baffa. Mutum ɗaya ya sani da zai iya ta da ita, kuma shi ne wanda ya fi yi wa dariya a duniya. Ya sa wayar a aljihu, ya kama hanyar Kalgo.

Markus yana ganinsa ya miƙe. "A'a, Nan-take da kansa! Lafiya? Mura ce ta kama ka haka?"

"Ba mura ba ce," in ji Lawali da 'yar siririyar murya. "Saniya ce."

Markus ya ba shi benci, ya aika a kawo masa kunu mai zafi, ya ce ya faɗa masa komai daga farko. Bai katse shi ba sai da aka zo wurin dangwali. Nan ya kifa kai a kan tebur, kafaɗunsa na rawa, har hawaye.

"Yi haƙuri, abokina. Yi mini sau ɗaya mana in ji."

"Markus, aurena ne fa ke neman lalacewa."

Markus ya share ido, ya ɗauko ƙaramin sukundireba. Ya kwance wayar, ya ɗaga murfin ƙarfen da ke ciki, ya kawo gilashin ƙara girma. Sannan ya ciro wata matacciyar waya irinta sak daga akwatinsa, ita ma ya buɗe, ya jera su.

"Duba lambar nan, ka duba wannan. Ɗaya suke?"

Lawali ya leƙa. "A'a. Amma ai sunansu ɗaya, fuskarsu ɗaya."

"Daga waje ke nan. Masu ƙera waya sukan canza ƙwaƙwalwar ciki su bar riga yadda take. Ita kuwa ƙwaƙwalwar nan dangi-dangi ce, kowace da irin umarnin da aka gina ta ta gane. Manhaja ɗaya tana iya aiki a wayoyi iri-iri, amma sai an shirya wa kowane dangi nasa. Gama-gari ɗinka na waccan ne. Da ka zuba a wannan, magana ake yi mata ba ta san mai yi ba. Kai da ka yi wa Wule kuka, me ta yi?"

"Harbi."

"To, wayar ma abin da ta yi maka ke nan. Ƙafa ce kawai ba ta da ita."

Markus ya shiga neman fayil ɗin da ya dace da lambar. Ya samu, amma babba ne, sabis kuma yana jan ƙafa. Ya dubi Lawali ta gefen ido.

"Wannan fa... sai gobe."

Lawali ya sunkuyar da kai. "Allah Ya kai mu."

A gidan Markus ya kwana. Da hantsi aka zuba manhajar, Markus ya danna maɓalli, fuskar waya ta kawo haske. Lawali ya daka tsalle, ya warce ta, ya shiga wurin ajiyar sauti. Babu komai. Ya duba ko'ina, wayam.

"Ka zaɓi wurin goge komai, ko?" in ji Markus a hankali.

Lawali ya zauna daɓas.

"Ni iyakata ke nan, abokina. Waya kam na iya ta da ita, amma abin da ka share ba ni da shi. Je ka faɗa wa dattijon gaskiya. Ta fi sauƙi a kan maƙogwaro."

Washegari da sassafe Lawali ya isa ruga. 'Yan kallo sun riga sun shimfiɗa tabarmi, amma bai nufi dangwali ba. Ya wuce gaban Baffa Ɗalha, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Baffa, waya ba hutu take yi ba. Ni na kashe ta. Kwamfuta ta gargaɗe ni na ƙi ji, kai ma ka fara yi mini bayani na katse ka. Abokina Markus ya ta da ita, ga ta. Amma kukan maraƙin ya tafi, kuma ni na share shi da hannuna."

Baffa Ɗalha ya karɓi wayar, ya juya ta, ya sa a aljihu.

"Ciro taka," ya ce. "Shiga wurin da ɗiyata ke aiko maka magana. Koma ranar da ka ɗauki wayata."

Lawali ya yi ta ja da yatsa, yana wuce saƙonnin murya da bai taɓa buɗewa ba, kowanne da "Madalla" a ƙasansa. Ya kai ranar. Saƙo biyu ne. Ya danna na farko, muryar Surayya ta fito kowa na ji:

"Lawali, na san halinka da gaggawa. Ga kukan maraƙin Wule nan na turo maka, ka adana, ko da wani abu zai faru."

Ya danna na biyu. Kukan maraƙi ya tashi, da 'yar dishewarsa a ƙarshe. Wule ta ɗaga kai, ta yi nishi, kafin ka ce me ƙwaryar Inna ta fara kumfa.

"Duk kwanakin nan a aljihuna yake?" in ji Lawali.

"A aljihunka," in ji Surayya. "Ina da shi a tawa ma. Kullum kana hawa babur muke kunnawa mu tatse ta. Ka zaci za mu bar saniya da nono ya kumbura don kai?"

"To Baffa, mi ya sa kuka bar ni ina ta..."

"Ka ce waya na hutawa, muka ce mu ma bari mu huta mu sha kallo." Baffa Ɗalha ya bari dariyar jama'a ta lafa, sannan ya ci gaba. "Ɗana, waya ba ta dame ni ba. Wanda zan ba ɗiyata, in ya ɓata abu, ina son ya buɗe baki ya ce ni na ɓata. Yau ka faɗa. Ka gaya wa manyanka su zo."

Lawali ya yunƙura zai tashi, Surayya ta nuna wayarsa da baki.

"Sauran saƙonnin fa?"

Nan ya koma ya zauna kusa da dangwali, ya faro daga na farko. Rana ta take tsaka yana nan da waya a kunne, maruƙa na lasar masa hula.

Yanzu in ka je rumfarsa a Gwandu, jan fentin yana nan, sai dai an ƙara layi a ƙasa da ƙananan baƙaƙe: "Bayan an buɗe an duba." Markus ne ya yi masa babban aboki ranar biki. Wule kuwa har yau in ta hango shi sai ta ɗaga ƙafa.

Darasi: Abu biyu na iya kama da juna a ido, cikinsu ya bambanta, don haka abin da ya yi wa wancan magani yana iya kashe wannan. Ka duba kafin ka taɓa, ka saurari mai magana har ya kai ƙarshe, in kuma ka yi kuskure ka faɗa da wuri kafin ka tsinci kanka a bakin dangwali. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san har yanzu bai buɗe saƙon muryarku na makon jiya ba.