Jerin Magunguna da Shanun Baffa Jaji

Ya 'yan uwa, a nan Takur ta Dutse an yi wani mutum. Ba zan kama sunansa ba, danginsa na nan cikinku. Sana'arsa gina shafukan intanet, kuma hannunsa na da kyau, ba a ƙwace masa wannan ba. Ciwonsa ɗaya: a gani a yaba. Abin da ido ba ya kaiwa kuwa, ko oho.

Wata ƙungiyar makiyaya ta ba shi aiki. Ya yi musu shafi mai jerin magungunan shanu, kowane suna da awonsa a gabansa, don mai dabba ya duba a waya kafin ya yi allura. Rayukan dabbobin mutane aka damƙa masa, har da garken Baffa Jaji na wajen Garki, ƙanin mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida. A rubutun da ke bayan shafi, wanda mai karatu ba ya gani, akwai alamar suna, akwai alamar bayani. Ana ɗaure kowane suna da bayaninsa tukuna, sannan a yi ado. Sai dai adon irin wannan jeri na son haƙuri, shi kuwa gogan naku ba shi da shi.

Sai ya zuba sunaye a akwati ɗaya, ya zuba awo a wani akwatin, ya yi ta turawa har suka yi daidai a faffaɗan allon kwamfutarsa. Kyau kam ya yi kyau.

Khaulat, abokiyar aikinsa, ta leƙa ta ce, "Malam, ba abin da ya riƙe sunan nan da awonsa fa. A ƙaramar waya za su zame."

Ya ce, "Wa zai buɗe bayan shafi? Makiyayi?" Har da dariyarsa.

Ya 'yan uwa, wa ya gaya masa sai an buɗe ake gani?

Damina ta faɗi, sammore ya shiga garken Baffa Jaji. Tsohon ya zaro 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi, yana ce wa maƙwabta, "Ɗana ne ya yi wannan, ba sai na tambayi kowa ba." A wannan ƙaramin allo, wani dogon suna ya karye gida biyu, duk na ƙasa da shi suka sauka da layi ɗaya. Maganin sammore, da ake yi ɗan kaɗan, ya tsaya daidai da awon maganin tsutsa. Baffa ya cika sirinji yadda ya karanta, ya bi shanu ɗaya bayan ɗaya da bisimilla.

Kafin la'asar sun fara karkarwa. Washegari sha tara na kwance.

Da labari ya iske mutumin, ya hau mota ya je, yana ta shirya abin da zai ce. Ya tarar da ungulaye sun riga shi. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, a kwamfuta daidai yake."

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya miƙa masa fatanya ya ce, "Kai ka kashe, kai za ka binne. In ka gama ka kama hanya. Ko gawata ban yarda ka tsaya a kanta ba."

Kwana uku yana haƙa, hannunsa ya ɗuri ruwa ya fashe, ba wanda ya miƙo masa ko moɗa. Labari ya riga shi komawa Dutse. Ƙungiya ta sauke shafin, masu ba shi aiki suka watse. Baffa Jaji bai ƙara noma biyu ba ya rasu, kuma aka cika wasiyyarsa: a bakin hanya aka tsayar da mutumin, yana hango masu sallar jana'iza.

Kada ku ji tausayinsa, an gargaɗe shi amma ya yi dariya. Ha'inci ke nan, ko a buhun gero, ko a ginin bulo, ko a bayan shafi. Ka gyara inda mutane ke kallo, ka ɓata inda Allah kaɗai ke kallo, wa ka mayar ƙarami a cikinsu?

Allah ya kiyaye mu da aikin ganin ido, ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau. Amin.